Kalangu, bayolin da lilo: inda aka kwana a shirin wasanmu na Jos

Asabar, 4 ga Oktoba, 2025

Yau aka tsayar da magana, don haka daga yanzu zan riƙa rubuta abin da ake ciki, domin iyayen yara da waɗanda suka sa kuɗinsu su san inda aka kwana. Abin da muka ƙudurta shi ne wasa na kimanin awa ɗaya a nan Jos, inda 'yan alkafura da masu hawa lilo za su yi wasansu, makaɗan okestira na zaune a gefe suna yi musu kiɗa kai tsaye, ba daga waya ko kwamfuta ba. A Turai da Amurka an daɗe ana haɗa waɗannan biyun. Mu a nan muna da kowanne, sai dai kowa na harkarsa a unguwarsu.

'Yan alkafurar samari ne da 'yan mata daga Gangare, Dilimi, Anguwan Rogo, Tudun Wada da Bukuru. Babu wanda ya shiga makarantar wannan sana'a a cikinsu. A kan tarin yashin magina da dusar katako ta kasuwar Katako suka koya, ragowar kuma a waya, suna kallon 'yan wasan Habasha da na Gini. Can ɗin sun yi mana nisa: an kafa Circus Ethiopia a Addis Ababa tun 1991, Circus Baobab kuma a Konakiri a 1998. Wanda ke horar da namu tsohon malamin motsa jiki ne, kowa Koci yake ce masa.

Makaɗan sun kai ashirin da 'yan kai. Yawancin masu bayolin da celo, wato babbar yayar bayolin mai kaurin murya, a coci suka koya, masu busa kuma a hannun tsofaffin makaɗan badujala na soja da 'yan sanda. Madugunsu, wanda ke tsayawa gabansu da ɗan tsinke yana ba su hannu, malamin kiɗa ne a makarantar sakandare. Ni nawa aikin kai-da-komo ne: kuɗi, wuri, izinin iyaye, ruwan sha.

Rana kuwa ita ta zaɓi kanta. Disamba na makaɗa ne da cocinsu da bukukuwansu, ba za a same su ba. Azumin Ramadan da na Kirista kuma baɗi kusan tare za su kama, wajen 18 ga Fabrairu. Saboda haka Asabar 7 ga Fabrairu muka sa, in Allah ya kai mu.

Asabar, 18 ga Oktoba

An samu wuri: wani tsohon sito na zamanin haƙar kuza, a hanyar Bukuru. Rufinsa na da tsawo, dandaɓensa siminti ne. Abin da ya fi min komai shi ne babu uwar da ta ce ɗanta ba zai je can ba. Duk wanda ya zauna a garin nan tun daga rikicin 2001 ya san akwai unguwar da wani ba ya son yamma ta riske shi a ciki, kuma da mun ɗauki ɗakin taro a irin wannan wuri, da rabin mutanenmu sun zame ba tare da sun faɗi dalili ba.

Injiniyan da muka ɗauko ya hau tsani, ya ƙwanƙwasa ƙarafunan rufin, ya kankare tsatsa da mabuɗin motarsa, ya sauko ya ce ko akuya ba zai yarda a rataya a nan ba. An yi rufin ne don ya ɗauki kwano, kuma ya sha damina mai yawa. Samarin ba su ji daɗi ba, don sun riga sun hango inda za su ɗaura igiya. Shawararsa ita ce a ƙera mana dirkoki na ƙarfe masu tsayawa da ƙafarsu, ba ruwansu da ginin. Wannan zai ci kusan rabin abin da ke hannunmu, kuma na amince nan take.

Koci ya zana da'irar wasa da alli. Fagen irin wannan wasa na asali, wanda ake dangantawa da Philip Astley da ya fara nasa a Landan a 1768, faɗinsa ƙafa 42 ne, wato kusan mita 13, saboda doki ya samu zagayawa da mahayi a tsaye a bayansa. Mu ba mu da doki, mita 9 ta ishe mu, ragowar filin na makaɗa ne.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Yau aka fara haɗa ɓangarorin biyu, kuma yau muka ga ainihin aikin da ke gabanmu.

Wasan farko shi ne hasumiyar mutane mai hawa uku: ƙarfafa huɗu a ƙasa, biyu a kafaɗunsu, sai ƙaramin cikinsu, ɗan shekara goma sha huɗu, ya haye can sama ya miƙe ya buɗe hannu. Madugu ya ware wa wannan gaɓa 32 na kiɗa, wato 'yan yankunan da ake raba kiɗa da su a takarda, da ƙarar farantin ƙarfe na makaɗa a ƙarshe daidai lokacin da yaron zai miƙe. Da aka fara, na ƙasa suka ɗan ɓata lokaci wajen gyara tsayuwa, don simintin na da santsi. Kiɗa bai jira su ba. Yaron na da gwiwa ɗaya a kafaɗar na tsakiya sai ya ji begila ta ɗauki sama, ya san ƙarshe ya zo, ya yi hanzari. Na ga yatsun ƙafarsa suna laluben wuri a wuyan ɗan'uwansa, na ga hasumiyar ta karkata hagu. Koci ya daka tsawa, aka sauko da shi lafiya. Farantin ya tashi a kan fili babu kowa a sama.

Da na waiwaya wajen makaɗa, babu wanda ya san abin da ya faru. Idanunsu na kan takarda. Ba laifinsu ba ne, tarbiyyar okestira ke nan: ka bi abin da aka rubuta, ka bi tsinken madugu, kada ka ƙara kada ka rage. Da haka ne mutum ashirin, ko tamanin, ke zama murya ɗaya. Amma wanda ke tsaye a kafaɗar wani ba a ce masa yi sauri, kuma wanda ya riga ya tashi sama ba a ce masa dakata. Idan dole wani ya bi wani, kiɗa ne zai bi jiki.

Mu kuwa wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Je ka filin dambe ka dubi mai kalangu, idonsa na kan ƙafafun 'yan damben, ba ya ɗauke shi. Makaɗin tauri ma haka. Shi ya sa da daddare na je gaida wani abokin mahaifina, tsohon makaɗin mahauta da ya yi shekaru yana bin 'yan dambe, na roƙe shi ya zo ya ga abin da muke yi. Ya ce ƙafarsa na damunsa, amma in an turo keke zai zo.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Baba ya zo da kalangunsa a buhu, aka ba shi kujera, ya kalli gwaji ɗaya bai ce uffan ba. Da aka tsaya sai ya yafito madugu.

"Ɗana, in kana kaɗa wannan tsinken, wa kake kallo?"

"Takarda nake kallo, Baba, da makaɗa."

"Su kuma suna kallon wa?"

"Ni suke kallo."

"To wa ke kallon yaron?"

Madugu mutum ne mai sauƙin kai. Ya yi shiru, sannan da kansa ya ja teburinsa gefe, ya karkata shi yadda idonsa na dama zai riƙa ganin fage. Ya kuma ce makaɗan tantin wasan Turai na dā haka suke yi: akwai 'yan gaɓoɓin da ake ta maimaitawa har sai ɗan wasa ya shirya, mai ganga kuma shi ke zuba ido ya buga daidai lokacin da aka dira. Abin da ya sani a karatu ke nan, bai dai taɓa buƙatarsa ba sai yau.

Ga yadda muka tsara. A kowane wasa an zagaye gaɓa huɗu da jan biro a takardar kowa. In an iso nan sai a yi ta juya su, ko sau biyu ko sau goma. Baba na zaune a bakin fage. Idan ya ga na sama ya samu gindin zama, sai ya matse tsarkiya a hammatarsa, muryar kalangun ta hau, ya sauke gula sau uku. Wannan ce alamar da madugu zai ɗaga hannu a fita daga jan biro a nufi ƙarshe. An gwada a kan hasumiyar. Yaron ya hau a natse, ya gyara ƙafa, ya ja numfashi, ya miƙe, farantin ya same shi a tsaye. Masu bayolin na layin gaba sun ɗago kai sun gani, wata daga cikinsu har ta saki baki ta manta da nata layin.

Ba kowa ya ji daɗi ba. Mai obo, wani abin busa mai kama da algaita, ya ce ba a koya musu bin ganga ba, kuma maimaita gaɓa huɗu ba iyaka na kashe daɗin kiɗa. Maganarsa ta biyu gaskiya ce. Madugu ya ɗauki alkawarin rubuta juyin ta yadda kowane zagaye wani kayan kiɗa daban zai ɗauki muryar.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Mai walda ya gama, an kafa dirkoki, tsayinsu mita 7. Kafin kowa ya taɓa igiya, injiniya ya sa aka rataya duro biyar cike da ruwa, kowane lita 200, wato tan guda ke nan, aka bar su suna reto har aka yi sallar azahar aka dawo. Ya ja zare a ƙarƙashin ƙarfen sama ya auna ko ya lanƙwasa, ya bi kowane noti da sifana.

Ya tara samarin ya yi musu bayani, kuma ina so iyaye su ji shi. Ƙa'idar masu ɗaure kayan da za su ɗauki mutum ita ce kowace igiya da kowace ƙugiya ta iya jure ninki goma na nauyin da za a ɗora mata. Nauyin kuma ba wanda sikeli ya nuna ba ne, domin mai lilo idan ya taso daga sama ya iso ƙasan zagayensa, abin da igiya ke ji na iya kaiwa ninki uku na nauyinsa. Ƙugiyoyinmu masu makulli ne, na masu hawan dutse, an buga ƙarfinsu a jikinsu da ma'aunin da ake kira kN, kowane kN ɗaya kimanin kilo 100. Duk wadda ba ta da wannan tambari, ya ce a bar ta a kasuwa kome arharta.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Lilo ya hau. Ba irin wanda ake saki a kama wani a iska muke yi ba, wanda Jules Léotard ya fara nunawa a Faris a 1859. Wannan sai da raga da shekarun horo. Namu sanda ɗaya ce a kan igiya biyu, mutum ɗaya, da ɗamarar kariya a ƙugunsa wadda Koci ke riƙe da igiyarta.

An zaɓa masa wani kiɗan wals na Johann Strauss, mai bugu uku-uku, saboda shi kansa kiɗan reto yake yi. Sai ga shi suna ta saɓawa: su fara tare, can sai saurayin ya wuce kiɗa, can kuma kiɗa ya wuce shi. Mai bes, wato mafi girman kayan tsirkiya, wanda ke koyar da kimiyyar lissafi, shi ya warware mana. Ya ce lilo ba ya sauri don an tura shi da ƙarfi, kuma nauyin mai hawa ba ya canza lokacinsa. Tsawon igiya ne ke yanke hukunci, daga inda aka ɗaura ta zuwa tsakiyar jikin mutum. Mita 4 na ba da daƙiƙa 4 a je a dawo. Idan saurayin ya miƙe tsaye a kan sandar, jikinsa ya matso sama, tsawon ya koma wajen mita 3, je-ka-dawo ya zama daƙiƙa uku da rabi. Idan ya zube ƙasa ya rataya da hannu ko da bayan gwiwa, tsawon ya kusa mita 5, sai ya koma huɗu da rabi.

Aka ɗauko waya aka auna, haka ɗin ne. Wals na tafiya gaɓa ɗaya a daƙiƙa, saboda haka gaɓa huɗu su ne zuwa da dawowa ɗaya in yana zaune a kan sanda. Yanzu madugu ya san in ya ga saurayin ya miƙe sai ya ɗan ja kiɗan gaba, in ya ga ya zube sai ya sassauta. Baba ya saurari bayanin duka, ya gyaɗa kai, ya ce shi dai in ya ga ƙafar wandon yaron ta daina kaɗawa a can ƙarshe, ya san zai juyo.

Na tsaya a bayan masu celo ina kallo, kuma a nan na fara yarda abin zai yiwu. Idan kiɗan ya sassauta tare da jiki, mai kallo ba ya jin an canza komai, sai ya ji kamar saurayin ne ke jan kiɗan da igiyarsa.

Asabar, 29 ga Nuwamba

Maganar yarinyar da ke hawa ƙyalle. Ƙyalle ne dogo mai ƙarfi, ninki biyu, rataye daga sama. Tana hawansa da hannu da ƙafa, ta naɗe jikinta da shi, ta saki hannu, ta warware a hankali ta sauko. Babu wanda ya kai ta a cikinsu, maza da mata. Mahaifiyarta ta yarda da atisaye, amma da ta ji za a yi a gaban jama'a ta ce a'a.

Na je gidan da kaina tare da gwaggon yarinyar. Damuwar Hajiya biyu ce: sutura, da kuma kada maza su riƙa ɗaukar mata 'ya. Na ce, "Hajiya, wannan wasan ita kaɗai ke yin sa, babu mai taɓa ta. Sutura kuwa, ƙyallen da kansa ke ƙona fata, dole ta rufe ƙafa har idon sawu, da hannu, da hammata, da baya." Ko zobe da ɗan kunne da zif ba a yarda da su ba, don suna yaga ƙyalle. Kanta kuma hula ce matsattsiya da ke rufe gashi, domin mayafi mai lilo zai iya sarƙewa. Ta ce sai ta gani da idonta.

Yau ta zo. Aka sa mata kujera kusa da mai celo, wanda zai yi wa yarinyar kiɗan nan na Saint-Saëns na 1886 da aka rubuta wa celo, mai kwaikwayon tafiyar tsuntsun ruwa, minti uku ne kacal. Da yarinyar ta kai can sama ta saki hannu biyu, Hajiya ta damƙe hannun gwaggon, leɓunanta na motsi. Da ta sauko, Hajiya ta tashi ta je ta kama ƙyallen ta ja shi da ƙarfi, ta ɗaga kai ta dubi ƙugiyar. Sannan ta ce min, "Ɗan nan, amana ce na ba ka. Gwaggonta za ta riƙa rako ta, kuma kafin magariba tana gida." Na ce na karɓa.

Asabar, 6 ga Disamba

Hunturu ya sauka sosai, kuma Jos da ke sama da mita 1,200 ba ta wasa da sanyi. Kowane ɓangare ya ji a jikinsa.

An wayi gari cikin wata celo ya tsage, tsagar ta kai tsawon yatsa, saboda bushewar iska. Mai ita ya kusa kuka, don aro ya yi. Yanzu kowa na sa ɗan soso mai laima a cikin kwalin sabulu mai huji, ya ajiye a akwatin kayan kiɗansa. Kayan busa kuma in sun yi sanyi muryarsu na sauka ƙasa, sai sun ɗumama ta dawo daidai. Shi ya sa mai obo ke ba da sautin da kowa ke saita kayansa da shi, mai kaɗawa 440 a daƙiƙa, sau biyu: da farko, da kuma bayan an yi minti goma ana busa.

'Yan wasa nasu ya fi haɗari. Lokacin basilin ne, kowa na shafawa don kada ya yi kaushi, kuma hannu mai maiƙo a kan sanda ko ƙyalle hanyar asibiti ce. Koci ya kafa doka: ranar atisaye babu mai, sai an tashi. An ajiye bokiti da sabulu a ƙofa. To hannun da ya bushe ƙayau shi ma zamewa yake yi. Wata mai bayolin ce ta ga suna ta tofa yawu a tafin hannu, ta buɗe akwatinta ta ciro ɗan dunƙulen ƙaron da take goga wa izgar bakanta, mai launin zuma. Aka daka shi a cikin safa, ana bubbuga safar a hannu, garin na fitowa. Riƙo ya dawo. Mai gogenmu ya shinshina ya ce shi ma da irinsa yake goge tasa izgar tun yana yaro. Yanzu an sayo wa 'yan wasa nasu daban.

Laraba, 10 ga Disamba

Ƙaramin da ke hawa saman hasumiya ya ji ciwo. Wajen dirowa ƙafarsa ta faɗa tsakanin katifu biyu da suka rabu, idon sawu ya kumbura nan take. Kawunsa ya so a wuce wajen mai ɗori. Na roƙe shi a fara ɗaukar hoton ƙashi, in ya so daga baya a yi abin da iyali suka ga dama. Alhamdulillahi babu karaya, targaɗe ne, likita ya ce a huta da ƙafar makonni. An ɗinke katifun duka a cikin tamfol ɗaya, ba sauran tsaga.

Samarin sun kawo wani ƙaninsu su ce ya maye gurbin. Na ƙi, Koci ma ya ƙi. Hawa na uku ba ƙarfin hali kawai yake so ba, na ƙasa sun san nauyin wancan yaron da yadda yake taka kafaɗa, sun yi watanni suna sabawa. Hasumiya ta koma hawa biyu har sai ya warke. Ɗayansu ya ce, "Yaya, hawa biyu ai ko a unguwa ana yi." Haka ne, kuma gara a ce wasanmu bai burge ba da a ce an ɗauki ɗan mutane a kafaɗa.

Asabar, 27 ga Disamba

Makaɗa na hidimar Kirsimeti, atisayen jiki kawai ake yi. Ni da madugu muka zauna kan jerin kiɗa.

Na Strauss da na Saint-Saëns ba su da matsala, masu su sun rasu tun 1899 da 1921, kowa na iya kaɗawa. Amma muna so a ji na ɗan ƙasa, kuma zuciyarmu na kan African Suite na Fela Sowande, haifaffen Abeokuta, wanda ya rubuta wa kayan tsirkiya a 1944. Shi ya rasu a 1987, dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya kuma na kare aikin mawallafi shekara 70 bayan rasuwarsa. Akwai masu cewa wa zai sani a wani sito a hanyar Bukuru. Mu mun sani. An rubuta takardar neman izini, in amsa ba ta zo ba kafin makaɗa su dawo a Janairu, a bar shi sai wani karo.

An kuma kawo shawarar a buɗe wasa da kakaki. Baba ya hana, kuma na goyi bayansa. Kakaki da tambari na sarauta ne, ba a busa wa ɗan alkafura su. Begila biyu za su yi wannan aikin.

Asabar, 10 ga Janairu, 2026

Kowa ya dawo, kuma yau aka gwada sashen da na fi ƙauna, wanda madugu ya rubuta da kansa: kalangu, goge, kundung na Berom, da kayan tsirkiya duka, ga 'yan hoto biyu da muka gayyato daga ƙauye suna cilla garma sama suna tarewa.

Kundung itatuwa ne jere a kan ƙahonin shanu, an riga an sassaƙa muryarsa, ba a matsa shi ba a sassauta shi, kuma bai zo daidai da saitin Turawa ba. Mai shi ya buga, masu bayolin suka yamutsa fuska. Madugu ya ce a bar obo a wannan sashe, kowa ya saita tsirkiyarsa da kundung. An ɗauki lokaci ana murɗa kunnuwan bayolin, amma da aka tashi, muryar ta haɗu, ta yi wani kauri da ban taɓa ji a wurinsu ba. Mai obon nan da ya yi ƙorafi a Nuwamba, shi ya karɓi shantu daga hannun wata yarinya ya ce a koya masa, tunda ba shi da aiki a wannan wuri.

Garma in ta tashi mita 5 tana yin kamar daƙiƙa biyu kafin ta dawo. A cikin waɗannan daƙiƙa biyun madugu ya rubuta shiru: kowa ya ɗauke, sai kalangu kaɗai na gunji ƙasa-ƙasa, garmar na juyawa a sama bakinta na walƙiya, in ta sauka a damtsen mai ita okestira duka ta faɗo tare da ita. Babu yadda za a ƙirga wannan a takarda, domin kowace cilla da tsayinta. Makaɗa ashirin da 'yan kai dole su ɗaga ido su bi ƙarfe a iska. Sun haddace gaɓoɓin wurin don kada takarda ta riƙe su. An matsar da kujerunsu baya da taku shida, an kuma juya 'yan hoton su fuskanci bango mara kowa.

Amsar neman izini ba ta zo ba. An cire na Sowande, an tsawaita wannan sashe ya cike gurbin.

Asabar, 24 ga Janairu

An yi wasan daga farko har ƙarshe ba tsayawa, awa ɗaya da minti takwas. Abin da ya fito fili shi ne amsa-kuwwa: kwanon rufi da siminti na mayar da sauti, har mai lilo ya ce begila biyu yake ji kamar huɗu, bai san wacce zai bi ba. An rataya tsofaffin barguna da tabarmi a bangon baya, an shimfiɗa darduma a ƙarƙashin masu busa, abin ya ragu sosai, jama'a in sun cika wurin kuma za su shanye saura.

Wuta ce ta fi tsaya min a rai. Idan aka ɗauke ta yarinya na mita 6 a sama da ƙyalle naɗe a ƙugunta, janareto ba zai tashi da saurin da ake bukata ba. Don haka fitilun fage huɗu a kan batir za su zauna tun daga farko, janareto kuma can bayan sito da doguwar waya don kada ƙararsa ta shiga kiɗa. An kuma yi gwajin duhu da gangan: na sama ya ƙanƙame inda yake, makaɗa su koma jan biro mafi kusa su yi ta juyawa a hankali, kada a yi shirun da zai firgita jama'a, har Koci ya haska tocila ya sauko da shi.

Za a fara ƙarfe huɗu da rabi, bayan la'asar, a tashi kafin shida, kowa ya samu keke da sauran haske. Ma'aikaciyar jinya ta amince za ta zauna a bakin fage, mota kuma na ƙofa da direba a ciki. Kujeru ba su isa ba tukuna, wata makaranta ta yi alkawarin benci, sai an samu motar ɗauko su. Layin gaba na iyayen 'yan wasa ne, ba a sayar da shi.

Ƙaramin namu ya fara taka ƙafar ba ɗingishi, yana ta naci. Ranar Laraba zai koma wajen likita, abin da likita ya faɗa shi zai nuna ko hasumiya hawa uku ce ko biyu, madugu ya shirya takarda ta kowanne. Alhamis injiniya zai dawo ya sake bin notuna da duro biyar ɗinsa, sannan a yi gwaji na ƙarshe da kayan wasa a jiki ranar 31 ga wata.